Kafin a Yanka wa Yaro Tikitin Sinima

Duk wanda ya ratsa ta manyan kantunan zamani na Abuja ko Kano a ranakun Sallah, ko lokacin hutun 'yan makaranta, ya san layin da ake yi a ƙofar sinima. Maigida na gaba yana yankan tikiti, uwargida na baya da goyo, 'yar shekara uku ta riƙe gefen mayafinta, yayye biyu suna rigimar wanda zai ɗauki gugguru. Mai sayar da tikiti adadin kujeru yake tambaya, kuma idan fim ɗin na kowa da kowa ne, da wuya ya ce a mayar da wani gida. Hukuncin ya rage ga iyaye, kuma galibi a nan tsaye ake yanke shi, cikin hayaniya, yara na jan riga. Wannan tambaya sabuwa ce a wurinmu. Tsofaffin gidajen sinima na Kano irin su Rex da Palace da Plaza da El Dorado wuraren maza ne, ba inda mai mutunci zai kwashi iyalinsa ya kai ba. Sai da sinima ta koma cikin gine-gine masu tsabta da na'urar sanyaya ɗaki, kamar wadda aka buɗe a Ado Bayero Mall da kuma CanalOlympia ta birnin Yamai, sannan zuwa kallo ya zama fitar iyali. Saboda haka babu wata kaka da za a je a tambaya a wace shekara ta fara kai nata 'ya'yan.

Ra'ayina a kan wannan ba mai wuyar faɗa ba ne. Yaron da bai cika shekara uku ba, babu abin da zai tsinta a sinima sai wahala. Daga uku zuwa biyar jinkiri ya fi alheri ga yawancin yara, ko da za a sami ɗaiɗaiku da za su iya. Daga nan kuma ƙidayar shekaru ba ta da wani amfani sosai, sai a koma ga tambaya ɗaya mai fuska biyu: shin yaron ya kai ya gane abin da ke damunsa har ya faɗe shi da baki, kuma shin babban da ya kawo shi ya shirya tashi ya bar kujerar da ya biya da zarar an faɗa masa? Abin da ya sa na ɗora komai a kan wannan shi ne, a duk hanyoyin kallo da yaro ke haɗuwa da su, sinima kaɗai aka gina da gangan don kada mai kallo ya sami mafaka. An kashe fitilu don ido ya rasa inda zai sauka in ban da allo. An jera lasifika gaba da baya da gefe don sauti ya kewaye mutum. An faɗaɗa allon har fuskar ɗan wasa ta fi ƙofar gida tsawo. Babba wannan mamayar yake saye da kuɗinsa, ita ce daɗin abin. Ƙaramin yaro kuwa bai riga ya mallaki abin da zai tare ta da shi ba.

Abin da iyaye ke fara cewa shi ne, ai yaron nan tun yana rarrafe yake kallon katun a waya, me zai gani a can da bai gani ba? Gaskiya ne yana kallo, amma a lura da yadda yake kallon. Ɗan shekara uku a gaban talabijin ba ya zama wuri ɗaya. Zai kalla na ɗan lokaci, ya juya ga motar wasansa, ya leƙa madafa, ya dawo da gudu idan an fara waƙa. Idan mugun ya fito sai ya laɓe bayan kujera, ko ya ruga ɗakin mahaifiyarsa, ko ya kife wayar a kan katifa. Wannan kai-komon da muke kira ƙiriniya, da shi yaro ke auna wa kansa abin da zai iya ɗauka, kuma a sinima an ƙwace masa shi baki ɗaya. Ga kuma tsawon zama. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu a gaban allo sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Toy Story minti 81 ne, The Lion King na 1994 minti 88, Frozen minti 102, ban da tallace-tallacen da ake sakawa kafin a fara, fina-finan Indiya da muke ƙauna kuwa sukan doshi awa uku. Ba ina cewa ƙetare awa ɗaya sau guda zai lalata ƙwaƙwalwar yaro ba, wannan zuzutawa ce. Zaman da ake nema daga gare shi ne ya fi ƙarfin jikinsa, kuma idan ya fara mutsu-mutsu bayan rabin awa, mu muka yi kuskuren lissafi amma shi za a harara.

Masu goyo kuma hujjarsu ita ce jariri ba ya fahimtar komai, barci kawai zai yi. Rabin maganar daidai ne, ba ya fahimta. A 2010 Judy DeLoache da abokan aikinta na Jami'ar Virginia sun wallafa wani gwaji da aka yi da yara 'yan wata 12 zuwa 18, waɗanda suka yi wata guda suna kallon wani faifan koyar da kalmomi da ake yayi a Amurka. Ba su koyi kalmomi fiye da waɗanda ba su kalla ba, kuma waɗanda suka fi koyo su ne waɗanda iyayensu suka koya musu da baki, ba tare da faifan ba. Ke nan riba dai babu. Amma kunne ba ya rufewa don mai shi ya yi barci. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi na sauraro ta waya da abin kunne ya ba wa babba desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A wannan lissafi, desibel 95 bai kai rabin awa ba a mako ga yaro. Ita kuwa sinima ana saita na'urorinta ne yadda kowace babbar lasifika za ta iya kai desibel 105 idan labari ya zo wurin fashewa ko tsawa. Adalci shi ne a ce yawancin fim ba ya kai nan, hirar 'yan wasa tana can ƙasa sosai, kuma fim ɗaya ba shi ne zai kurumta yaro ba. Sai dai ɗan shekara shida zai toshe kunnuwansa da tafin hannu ya ce, “Baba, ƙarar ta yi yawa.” Jariri sai dai ya zabura ya tsala ihu, a jijjiga shi a ce rigima ce.

Tsoro shi ne inda maganar ta fi nauyi, kuma a nan ne hankalin manya ya fi yaudararsu, domin muna auna abin da zai firgita yaro da abin da ke firgita mu. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin ta shafe shekaru da dama tana nazarin wannan, kuma abin da ta gano ya kamata kowane uba ya sani. Yaran da ba su kai shiga firamare ba, kamannin abu ne ke tsorata su, ba halinsa ba. A wani gwaji da ta yi da Cynthia Hoffner, an nuna wa yara wata tsohuwa, wani lokaci da kyakkyawar fuska wani lokaci da mummuna, wani lokaci tana kyautata wa kyanwa wani lokaci tana cutar da ita. Ƙananan sun fi yanke mata hukunci da fuskarta, manyan kuma da aikinta. A wani gwajin da ta yi da Glenn Sparks, an nuna musu shirin The Incredible Hulk, inda mutum ke rikiɗewa ya zama wani ƙaton koren halitta don ya ceci wanda ke cikin haɗari. Yaran 'yan shekara tara zuwa sha ɗaya hankalinsu kwanciya ya yi da ya rikiɗe, don sun san taimako ya zo. Ƙananan kuwa a daidai nan tsoronsu ya fi tsanani. A duba fina-finan katun na yau a gani, cike suke da rikiɗa da manyan haƙora da jajayen idanu, sau da yawa ma a jikin jarumin da ake so a ƙaunata.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne maganin da muke dogara da shi ba ya aiki a kan ƙananan yara. Kowane uba ya san abin da zai raɗa wa ɗansa a cikin duhu: “Kai, ba gaske ba ne, wasa ne.” Cantor da Barbara Wilson sun gwada wannan da mayyar fim ɗin The Wizard of Oz. Tunatarwar ta rage tsoron manyan yara, amma ba ta yi wa ƙananan wani tasiri ba. Ɗan shekara huɗu zai iya maimaita maka cewa ba gaske ba ne, alhali zuciyarsa na dukan uku-uku, domin bambancin gaske da ƙage bai zauna masa daram ba tukuna. Abin da ke kwantar masa da hankali runguma ce da barin wurin. Kuma kada a ce ai yaro ne, gobe zai manta. A binciken da Kristen Harrison da Cantor suka wallafa a 1999, kusan tara cikin goma na ɗaliban jami'ar da aka tambaya sun tuna wani fim ko shiri da ya firgita su, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu sun ce har lokacin abin bai sake su ba. A gida alamun a fili suke ga mai lura: yaron da ya saba kwana shi kaɗai ya dawo gadon mahaifiyarsa, ya ƙi zuwa banɗaki sai an raka shi, ya dinga firgita cikin barci. Sau da yawa sai a yi ta neman dalili a wani wuri, ba wanda zai tuna da fitar da aka yi ranar Asabar.

Za a ce to ina amfanin hukumar tace fina-finai, ba ita ke sa alamar shekaru ba? Tana da amfani, kuma wanda ya shiga da ɗan shekara bakwai fim mai alamar 15 ko 18 ba shi da uzuri. Hukumar tace fina-finai ta Najeriya, NFVCB, da aka kafa a 1993 tana raba fina-finai zuwa rukunai irin su G da PG da 12 da 12A da 15 da 18, Kano ma tana da tata hukumar tun 2001. Amma alamar tana duba abin da ke cikin fim ne, zagi ko tsiraici ko jini, ba ta san ɗanka ba. Su kansu ƙasashen da suka daɗe a harkar gyara suke ta yi bayan an yi ɓarna. Amurka ta ƙirƙiro PG-13 a 1984 ne bayan iyaye sun yi ca a kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, waɗanda aka sa wa PG. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya kuwa ta fito fili ta ce alamarta mafi sauƙi, wato U, an auna ta ne da 'yan shekara huɗu zuwa sama, PG kuma da ɗan kimanin shekara takwas. Ke nan ko alamar kowa da kowa ba ta yi alkawarin komai game da ɗan shekara uku ba. The Lion King alamar G gare shi a Amurka, wato ta kowa da kowa, kuma a cikinsa ne ɗan zaki ke tsaye a kan gawar mahaifinsa yana ƙoƙarin tada shi. Babu zagi a wurin, babu jini. Amma a wurin ɗan shekara huɗu da ke zaune kusa da babansa, da wuya a sami abin da ya fi wannan nauyi a duniya.

Akwai hujjar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma daga cikin gida ta fito. Mu da muka tashi da tatsuniya, ina Dodo, ina kura mai cin mutane, ina kishiyar uwa da ke tura marainiya inda ba a dawowa? An tsorata mu, kuma ba mu lalace ba, hasali ma a nan muka koyi jarumta. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, yaro yana buƙatar labarin da zai girgiza shi, kuma renon da ke kare shi daga kowane tsoro ba gata ba ne. Sai dai a duba yadda ake tatsuniya. Mai ba da labarin tana kallon fuskokin masu saurarenta. Idan ta ga idon auta ya yi rau-rau, sai ta sassauta murya, ta gaggauta wucewa, ta jawo Gizo ya yi wata wauta a yi dariya, ko ta ɗauke shi ta ɗora a cinya ba tare da ta katse labarin ba. Dodon da ke cikin tatsuniya kuma yaron ne ke zana shi a ransa, daidai gwargwadon abin da ransa zai iya zanawa. Dodon sinima ɗaruruwan ƙwararru ne suka zana shi da kwamfuta, suka haɗa masa kiɗa don ya taɓa zuciyar babba, kuma ba zai rage murya don wani ya tsorata ba. Tsoron da ke gina yaro shi ne wanda ya ci nasara a kansa. Wanda aka danne shi a kujera har sai abin ya wuce, abin da ya koya kawai shi ne kukansa bai isa ya canza komai ba.

To yaya za a gane ya kai? A nan malaman fiƙihu sun riga mu da wata hikima. Ko da yake a shekara bakwai aka umurci iyaye su fara sa 'ya'yansu salla, da yawa daga cikin malamai ba su ɗaure wayon yaro da ƙidayar shekaru kawai ba, sun ce mai wayo shi ne wanda ke fahimtar magana ya mayar da amsa daidai. Irin wannan awon ake buƙata, kuma a falon gida ake yin sa, kyauta. A sa masa cikakken fim da daddare, a rage haske, a zauna tare. Ya iya kai wa ƙarshe ba tare da an matsa masa ba? Idan aka tambaye shi da safe, ya iya faɗin dalilin da ya sa wane ya yi fushi da wane, ko kuwa motar ja da karen da ya faɗi kawai ya riƙe? Da aka zo wurin tashin hankali, ya juyo ya yi tambaya, ko ya sandare ya yi tsit? Shirun nan shi ne abin da aka fi yi wa mummunar fahimta, domin iyaye sukan koma gida suna yabon yaron da bai ko motsa ba, alhali tsoro ne ya daskarar da shi. Wani ɗan shekara biyar zai tsallake wannan gwajin cikin sauƙi, yayansa ɗan bakwai ya kasa, kuma babu abin kunya a ciki, bai kamata a mayar da shi abin tsokana a gida ba.

Saura matsalar da ba ta bincike ba ce, ta rayuwa ce: babu wanda za a bar wa ƙaramin, yayyensa kuma an yi musu alkawari tun azumi. Wannan uzuri ne na gaske, musamman ga ma'auratan da aiki ya kai su nesa da dangi. Amma mafitarsa ba ta da tsada. Ɗaya daga cikin iyayen ya shiga da manyan, ɗayan ya zauna da auta a wurin wasan yara ko wurin cin abinci, wata rana a yi musanya. Auta zai yi kukan an bar shi, wannan kukan na minti kaɗan ne kuma ba ya bin yaro cikin barci. Idan kuma lokacin shigarsa ya yi, a zaɓi kallon rana lokacin da ba ya jin barci ko yunwa, a zauna can baya a bakin hanya, a gaya masa tun a mota cewa za a kashe fitila kuma za a yi ƙara, sannan a yi masa alkawarin duk lokacin da ya ce a fita za a fita. Cika wannan alkawarin shi ne mai wuya. Tikitin iyali da gugguru da lemo kuɗi ne masu ciwo a wannan zamani, kuma zuciya za ta ce a ƙara haƙuri kaɗan, saura ƙiris a gama. Wanda ya san ba zai iya yafe kuɗin ba, shi ne bai shirya ba tukuna, ko da yaron ya shirya. Akwai kuma haƙƙin sauran mutanen da suka biya nasu kuɗin, waɗanda ba su zo jin rarrashi ba.

Wasu za su ce duk wannan ɓata baki ne, sinima ba wurin yaro ba ce ko shekarunsa nawa. Wanda ya zaɓi haka ga iyalinsa bai hana 'ya'yansa wani haƙƙi ba, kuma ba ni da ja da shi. Sai dai ya sani gidan kallon unguwa, inda yara ke bin yayyensu su zauna a benci a gaban fim ɗin da ba wanda ya tace, ya fi buƙatar sa idonsa. Ni dai ina ganin akwai alheri a sinima idan lokacinta ya yi. Yaron da ya saba da guntayen bidiyo na daƙiƙa talatin, ya zauna ya bi labari ɗaya daga farko har ƙarshe, ya ji ɗaki guda ya fashe da dariya tare da shi, ya fito yana ba mahaifinsa labarin abin da suka gani tare, ya sami abin da waya ba za ta ba shi ba. Saboda wannan ne ma nake ƙyashin a ɓata masa zuwan farko.

Masu gidajen sinima su ma da nasu rabon aikin, tunda su ke tallata kansu a matsayin wurin iyali. Tun 2007 kamfanin AMC na Amurka yake ware wasu lokutan kallo inda ake barin fitilu a kunne kaɗan, a rage ƙara, a ƙyale yara su tashi su zagaya. Don yara masu lalurar otizim aka fara shi, amma tsarin ya dace da duk wani ƙaramin mai kallo, kuma ba ya buƙatar sayen sabuwar na'ura, safiyar Asabar ɗaya kawai yake buƙata. Ya kamata su tabbatar tallan da ake sakawa kafin fim ɗin yara bai fi fim ɗin kansa tsanani ba, su kuma daina miƙa wa ƙananan yara tabaran 3D ba tare da gargaɗi ba, tunda hukumar ANSES ta Faransa ta ba da shawara a 2014 cewa kada 'yan ƙasa da shekara shida su kalli irinsa saboda idonsu bai gama ƙwari ba. Hukumomin tacewa kuma su wajabta rubuta dalili a gefen alama, da Hausa a inda Hausa ce harshen gari: akwai mutuwar mahaifi, akwai halitta mai ban tsoro, akwai ƙara mai yawa. A manna shi a jikin kantar tikiti, inda uba zai karanta kafin ya zaro kuɗi.